Sharhi: Illo na buƙatar jami'an walwala da suka iya riƙe zaman rukuni

A watan Agustan 2019, lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa, mutane da yawa ne suka wayi gari babu sana'a a Illo. Ɗan kabu-kabun da ke kai fasinja Lolo, da ɗan dako, da mai kwale-kwale, da mai canjin sefa, da matar da ke dafa abinci tana jiran direbobi, duk cikin mako guda kasuwa ta mutu musu. A watan Nuwamban wannan shekara kuma Hukumar Kwastam ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka. Da daminar 2020 ta zo, Kogin Neja, wanda muke kira Kwara, ya cika ya batse, ya shanye gonakin shinkafa a sassa da dama na Jihar Kebbi, har da Ƙaramar Hukumar Bagudo.

Wanda ya san garuruwan bakin iyaka ya san haka wahala ke zuwa musu, unguwa guda a lokaci guda. Kuma ba ta tsayawa a kasuwa ko a gona. Tana bin mutum har cikin gida, ta koma rigimar cefane, ta koma saki, ta koma cire yarinya daga makaranta a ɗora mata talla, ta koma saurayin da ya fara da ƙwaya ɗaya don ya samu barci.

Akwai ma'aikatan da aka tanada domin irin waɗannan matsaloli, su ne jami'an walwala da jin daɗin jama'a. Abin da wannan sharhi ke son a duba shi ne yadda ake horar da su da yadda suke aiki. Ra'ayina shi ne, muddin jami'in walwala bai iya tara mutum goma masu matsala iri ɗaya ya riƙe zamansu na watanni har su amfani juna ba, to horon da aka ba shi bai kai shi Illo ba.

Teburi ɗaya, jama'a dubu ɗaruruwa

Yadda aka fi sanin aikin walwala a ƙananan hukumominmu shi ne ofis da teburi da kujera biyu ko uku. Mace ta kawo ƙarar miji kan ciyar da yara, a aika masa takarda, a yi sulhu. A tsinci yaro ya ɓata, a nemi iyayensa. Aiki ne mai amfani, kuma akwai jami'an da ke yin sa da zuciya ɗaya, wani lokaci har da kuɗin aljihunsu.

Sai dai a yi lissafi. A ƙidayar 2006 Ƙaramar Hukumar Bagudo tana da mutum sama da 230,000, kuma kowa ya san an ƙaru sosai tun daga lokacin. Mu ɗauka jami'i na ganin mutum biyar a rana, kwana biyar a mako. Mutum 25 ke nan, kuma da yawansu sai sun dawo sau biyu ko uku. Waɗannan ma su ne masu kuɗin mota da ƙarfin halin zuwa. Matar da ke wani ƙauye a ƙasar Illo ko Ka'oje, wadda sai ta nemi izini, ta nemi na mota, ta haye kogi kafin ta isa sakatariya, galibi haƙura take yi ta zauna da abin da ke damunta.

Ko da an ninka ma'aikatan sau biyar, akwai abin da teburi ba zai iya ba. Jami'i zai iya ce wa saurayi ya daina shan ƙwaya. Amma wanda zai gaya masa yadda ake kwana ukun farko ba tare da ita ba, da yadda ake ratsa majalisar abokai ba a karɓa ba, sai wani saurayin da ya bi ta wannan hanya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mene ne aikin rukuni?

A fannin walwalar jama'a an daɗe da raba aikin gida uku: aiki da mutum ɗaya ko iyali ɗaya, aiki da rukuni, da aiki da al'umma baki ɗaya. Na tsakiyar shi ne batunmu.

Aikin rukuni ya bambanta da taron wayar da kai, inda ake tara mutum ɗari a ƙarƙashin rumfa, wani ya yi jawabi, a raba lemo da kuɗin mota, a ɗauki hoto a watse. Rukuni ƙaramin zama ne, yawanci mutum takwas zuwa goma sha biyu, waɗanda abu ɗaya ya haɗa su: zawarawa masu riƙe da marayu, ko iyayen yara masu lalura ta musamman, ko samarin da ke son rabuwa da shaye-shaye, ko manoman da ruwa ya cinye wa gona alhali da bashi a kansu. Suna haɗuwa a rana ɗaya, a wuri ɗaya, mako bayan mako. Jami'in da ke tare da su yana rage nasa bakin, yana buɗe na sauran. Maganin da ake nema yana cikin 'yan rukunin, aikinsa shi ne ya sa ya fito.

Wannan hanya tana da tarihi. Ta tsiro ne a unguwannin talakawa na manyan biranen Turai da Amurka, a gidaje irin su Toynbee Hall da aka buɗe a Landan a 1884, da Hull House da Jane Addams ta kafa da abokiyar aikinta a Chicago a 1889, inda baƙi 'yan ci-rani ke haɗuwa ƙungiya-ƙungiya suna koyon harshe da sana'a da neman haƙƙinsu. Daga baya malamai irin su Grace Coyle da Gisela Konopka, wadda ta tsere daga Jamus a zamanin Hitler, suka mayar da ita darasin da ake koyarwa a jami'a. Ko a Najeriya, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka fara aikin walwala na hukuma a Legas a farkon shekarun 1940, kulob-kulob na yara maza na cikin abubuwan farko da jami'insu Donald Faulkner ya dogara da su wajen janye yara daga titi.

Mu kuwa ba baƙin zama tare ba ne. Muna da gayya a gona, muna da adashi, muna da majalisa, muna da zumuntar biki tsakanin mata, muna da Sarkin Ruwa da masuntansa, da Sarkin Noma da manomansa. Abin da fannin walwala ya ƙara a kan waɗannan shi ne niyya da tsari: a zaɓi waɗanda za su zauna da gangan, a san abin da ake son cimmawa, a kare mai rauni a cikinsu, a kuma san ranar da za a tashi.

Darasi daga Maraɗi, da wani daga Yuganda

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga abin da rukuni zai iya. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani shiri da matan karkara a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wanda aka sa wa suna da Hausa, Mata Masu Dubara. An gina shi ne a kan adashin da matan suka riga suka sani. Suna haɗuwa duk mako, kowa ta zuba abin da aka amince a kai, a ba wadda ke buƙata rance daga asusun, ta biya da ɗan ƙari, a ƙarshen zagaye a raba. Akwatin kuɗin yana da kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban-daban, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Babu jarin da aka kawo daga waje. Abin da ma'aikaciyar shirin ke kawowa shi ne horo da zama da su na tsawon watanni, daga nan ta janye ta bar musu abinsu.

Wannan tsari da aka fara da matan Hausawa shi ne ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, miliyoyin mutane suna amfani da shi a yau. Kuma matan da suka saba magana a gaban 'yan uwansu kan kuɗi sun fara magana kan rijiya da asibiti da karatun 'ya'yansu, wasu har suka tsaya takarar kansila. A Damagaram kuma an gwada irin wannan da maza, a shirin Makarantar Mazaje da Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tallafa, inda magidanta ke zama suna tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti, sannan su ja hankalin sauran mazan gari.

Wani zai ce wannan batun kuɗi ne da lafiyar jiki, ciwon da ke cikin zuciya fa? A Yuganda an yi wani gwaji a ƙauyuka 30 na gundumomin Masaka da Rakai, yankin da cutar ƙanjamau ta yi wa mummunar ɓarna, aka wallafa sakamakon a 2003. An ɗauki mutanen yankin da ba likitoci ba, aka ba su horon mako biyu, suka riƙa jagorantar ƙananan rukunai na masu ciwon tsananin damuwa, maza daban mata daban, sau ɗaya a mako har mako 16. Kafin a fara, mafi yawan mahalarta suna da alamomin ciwon a cike. Bayan an gama, kashi 6.5 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka yi zaman suka rage a wannan hali, alhali a ƙauyukan da ba a yi zaman ba adadin ya tsaya a kashi 54.7. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora kan wannan hanya domin wuraren da ke da ƙarancin ƙwararru.

Abin lura a misalan nan shi ne, ba a bar rukunan kara zube ba. Kowanne yana da mutumin da aka horar, yana da ƙa'ida, kuma akwai wanda ke duba aikin mai jagorancin.

Rukunin takarda

Jihar Kebbi ta ga rukunai iri-iri a shekarun nan. A Birnin Kebbi ne tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya a ranar 17 ga Nuwamban 2015, kuma sharaɗin shirin shi ne manoma su kasance cikin rukuni ko ƙungiyar haɗin gwiwa. Kebbi na cikin jihohin farko na shirin Bankin Duniya na tallafa wa mata ta hanyar ƙananan ƙungiyoyin tanadi, tana kuma cikin jihohi bakwai da aka fara shirin AGILE na karatun 'yan mata da su, wanda ya ƙunshi zaman koyar da dabarun rayuwa a ƙananan rukunai.

Ke nan gwamnati da masu ba da tallafi sun yarda da rukuni. Matsalar ita ce akwai rukuni, akwai kuma jerin sunaye. Duk wanda ya zauna da manoma ya ji labarin yadda ake haɗa mutum goma cikin dare ɗaya saboda fom ya ce goma, wasunsu ba su taɓa zama a tabarma ɗaya ba. Kaya na zuwa a raba, kowa ya kama gabansa. Ranar biya ta zo, babu wanda ke jin kunyar wani, domin tun farko babu abin da ya haɗa su sai fom. Batun rashin biyan bashin shirin manoman ya zama abin cece-kuce a faɗin ƙasar nan, kuma dalilansa suna da yawa, har da ambaliya da jinkirin kawo kayan noma. Amma ina ganin taron tsintsiya ba shara da aka riƙa kira rukuni yana cikinsu.

Illar rukunin takarda ta wuce asarar kuɗi. Yana koya wa mutane cewa zama tare hanya ce ta karɓar rabo. Gobe idan jami'ar walwala ta zo ta ce wa zawarawa su haɗu duk Laraba, tambayar farko ita ce: nawa za a ba mu? Idan ta ce babu, rabi ba za su dawo ba. Sai ta yi watanni tana gyara ɓarnar da wasu suka yi cikin mako guda.

Gwanintar da Illo ke nema

Riƙe rukuni sana'a ce, kuma a wuri irin Illo tana da wuya fiye da yadda littafi ya nuna. Illo tsohon gari ne, ɗaya daga cikin manyan garuruwan ƙasar Borgu tare da Busa da Nikki. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta raba wannan ƙasa, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Illo ta rage a ɓangaren Ingila. Har yau dangi suna tsallaken juna. A kasuwa ɗaya za ka ji Hausa da Busanci da Dandanci da Fulatanci, ga kuma Kyangawa da harshensu. Jami'in da zai tara mata goma sai ya fara tambayar kansa, da wane harshe za a yi magana, kuma wace ce za ta yi shiru saboda harshen da aka zaɓa ba nata ba ne?

Sai zaɓen waɗanda za su zauna. Idan aka haɗa suruka da matar ɗanta a zama ɗaya, an rufe bakin ƙaramar, domin kunya ba za ta bar ta ta ce uffan kan mijinta ba. Haka kishiyoyi, haka mai bin bashi da wanda ake bi, haka yaro da ubangidansa. Ɗalibin da bai san wannan ba zai rubuta a rahoto cewa mahalarta ba su da sha'awa, alhali shi ne ya kulle zaman tun kafin a fara.

Sai lokaci da wuri. Ba a sa zama ranar kasuwa, ba a sa na maza da safe a tsakiyar damina, ba a kiran matan kulle zuwa sakatariya. Nasu zaman a cikin gida zai kasance, mace ce za ta jagoranta, kuma sai an bi ta hannun mazaje da mai unguwa da liman tukuna. Ko wurin zaman jami'i ma magana ce. Idan ya hau kujera su suna tabarma, ya zama alƙali, su kuma masu jiran hukunci.

Sai abin da ya fi kowanne nauyi, wato sirri. A bakin iyaka, inda abincin gidaje da dama ya dogara da abin da ake tsallakawa da shi, duk baƙon da ya zo da biro da takarda ana yi masa kallon ɗan leƙen asirin kwastam ko na hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi. Binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2018 da haɗin gwiwar Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Samarin bakin iyaka ba su tsira daga wannan ba. Amma saurayi ba zai buɗe baki a gaban mutum tara ba sai ya tabbata maganarsa ba za ta kai shi ofishin 'yan sanda ko kunnen mahaifin budurwarsa ba. Gina wannan amana yana cin makonni, kuma kalma ɗaya da ta fita tana rushe ta.

Ko bayan an fara, rukuni na da halinsa. Wani masani ɗan Amurka, Bruce Tuckman, ya bayyana a 1965 cewa rukuni kan bi matakai: farko ana ɗari-ɗari da juna, sai saɓani ya taso, sai a daidaita kan ƙa'ida, sannan aiki ya kankama. Daga baya ya ƙara matakin rabuwa. Jami'in da ba a koya wa wannan ba, da zarar an fara musu a zama na uku sai ya ɗauka abin ya lalace ya tattara takardunsa. Wanda aka koya wa ya san lokacin ne mutane suka fara cire kunya, sai ya riƙe zaman ya ratsa da su. Ya san yadda zai dakatar da mai cinye magana ba tare da ya kunyata shi ba, da yadda zai jawo wadda ta yi mako huɗu tana kallon ƙasa.

Me ake koyarwa a makaranta?

Najeriya ta daɗe tana horar da ma'aikatan walwala. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ta fara koyar da fannin tun a shekarun 1970, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana da sashen raya jin daɗin al'umma da ya yaye ɗalibai da dama daga Arewa, kuma ƙungiyar ma'aikatan walwala ta ƙasa ta kafu tun 1975. Aikin rukuni yana cikin darussan da ake koyarwa a fannin. Tambayar ita ce ta yaya.

Ni ba walwala na karanta ba, amma na san abin da ake kira aikin rukuni a manyan makarantunmu, domin na yi shi lokacin da nake karatun babbar difloma. Malami ya raba mu goma-goma bisa lambar rajista. Mutum biyu suka yi aikin, sauran muka haɗa kuɗin buga takarda, aka jera sunaye a bango, kowa ya samu maki ɗaya. Akwai zangon da ni ne cikin biyun, akwai wanda ni ne cikin takwas ɗin. Babu wanda ya tambaye mu yadda muka zauna, ko wa ya yi shiru, ko yadda muka warware saɓani. Abin da muka koya a zahiri shi ne yadda ake haɗa rukunin takarda.

Ga ɗalibin aikin jarida ko akanta wannan asara ce. Ga ɗalibin walwala kuwa ta fi haka muni, domin zaman rukuni shi ne kayan aikinsa. Mutum zai iya haddace matakan Tuckman ya ci jarrabawa da maki mai kyau, amma ranar da ya tsaya gaban zawarawa goma, ɗaya ta fashe da kuka, wata ta tashi za ta fita, haddar ba za ta gaya masa abin da zai yi ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A Amurka, tun daga ƙarshen shekarun 1960 da aka haɗe hanyoyin aikin uku cikin darasi ɗaya na bai-ɗaya, makarantun da ke ba da ƙwarewa ta musamman a aikin rukuni suka ragu ƙwarai, malaman fannin suka yi shekaru suna kukan ana yaye ɗaliban da za a ba su rukuni a wurin aiki alhali ba su taɓa riƙe ko ɗaya ba. Su suna da asibitoci da ƙwararrun da za su cike giɓin. Illo ba ta da su.

Inda rukuni bai dace ba

Adalci ne a faɗi iyakar wannan hanya. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe ba a kai ta gaban mutum goma a garin da kowa ya san kowa. Yaron da ake azabtarwa a gida yana buƙatar a cire shi daga haɗari yau, ba zaman mako-mako ba. Mai tunanin hallaka kansa, ko wanda ciwon ƙwaƙwalwa ya yi wa tsanani, asibiti yake buƙata. Waɗannan aikin mutum ɗaya-ɗaya ne, na sirri, kuma jami'in kirki shi ne wanda ya san wanda zai gayyata cikin rukuni da wanda zai gani shi kaɗai.

Akwai kuma haɗarin hukumomi su rungumi rukuni don kawai yana da araha, su ce tunda jami'i ɗaya zai ga mutum goma a zama ɗaya, babu buƙatar ɗaukar sabbin ma'aikata. Wannan kuskure ne. Rukuni na cin lokacin shiri, da ziyarar gida-gida kafin a fara, da rubuta rahoto bayan kowane zama. Haka kuma zama ba ya maye gurbin abinci, ko iri, ko hanya, ko buɗe iyaka. Manomin da ruwa ya ci gonarsa yana buƙatar abin shukawa. Abin da rukuni zai ƙara masa shi ne kada ya ɗauki asarar shi kaɗai har ta karya shi, kuma idan za a je neman haƙƙi a je da murya goma.

Abin da ya kamata a yi

A watan Disambar 2022 aka sanya hannu kan dokar kafa majalisar da za ta kula da aikin walwalar jama'a a Najeriya, wadda ke da hurumin tsara horo da rajistar ma'aikata. Wannan dama ce. Ya kamata majalisar, tare da hukumar kula da jami'o'i ta NUC da ta ilimin fasaha ta NBTE, su sa sharaɗi cewa ba za a yaye ɗalibin walwala ba sai ya riƙe rukuni na gaske daga zaman farko har na ƙarshe, ƙarƙashin idon wanda ya ƙware.

A cikin aji ma a fara. Ɗalibai su zauna a matsayin 'yan rukuni na tsawon zango, su riƙa karɓa-karɓar jagoranci, malami yana gefe yana kallo, bayan kowane zama a tattauna abin da ya faru. Maki ya bi abin da kowane ɗalibi ya yi a zaman, a daina raba shi daidai bisa jerin sunaye. A kuma yi wani ɓangare na atisayen da Hausa da sauran harsunan gida, domin da su za a yi aikin.

Lokacin sanin makamar aiki, a daina cusa ɗalibai duka a ma'aikatun babban birnin jiha inda za su wuni suna jera fayil. A tura wasu Illo da Lolo da Ka'oje da Tsamiya, a ba su masauki da kuɗin mota, a fifita 'yan asalin yankin da ke jin harsunansa, musamman mata. Gwamnatin Kebbi da ƙananan hukumominta 21 su ware wa jami'an walwalar da ke bakin aiki horo na 'yan makonni da babur da man zuwa ƙauye. Masu shirye-shiryen tallafi kuma su daina auna nasara da yawan rukunan da aka yi wa rajista, su koma ƙirga waɗanda ke ci gaba da haɗuwa shekara guda bayan an daina raba kaya.

Sarakuna da malamai da shugabannin mata na da nasu rabon. Su ne za su ba da zaure ko tsakar gida, su ne kuma za su gaya wa jama'a cewa abin da aka faɗa a irin wannan zama amana ce, fitar da shi cin amana ne.

Kogin Kwara zai sake cika, kuma wata rana za a sake yanke hukunci kan iyaka a Abuja ko Kwatano ko Yamai ba tare da an tambayi mutumin Illo ba. Rukunin da zai yi amfani a wannan rana shi ne wanda ya riga ya yi wata shida yana haɗuwa kafin ta zo. Saboda haka a wannan rani ya kamata a fara, ko da da rukuni biyu ne, ɗaya na zawarawa ɗaya na samari, da jami'ai biyu da aka horar, da wanda zai riƙa zuwa duk wata yana duba yadda suke tafiya.